Ta ina iska ke shiga, ta ina hayaƙi ke fita?

Duk sanda aka ji hayaƙin janareta ya hallaka iyali cikin barci, akan ce rashin zagayawar iska ne. Me ake nufi? Hanyoyi ne biyu: ta shigar iska mai kyau, da ta fitar wadda ta gurɓace ko ta ɗau zafi.

Injin mota ba ya ƙona fetur sai da iska, kusan kilo 15 ga kowane kilo 1 na mai. Yana zuƙo ta ta matata mai tare ƙura, hayaƙi ya fice ta salansa. In ƙurar hunturu ta toshe matatar, sai mota ta rasa ƙarfi. Kwamfuta kuwa zafi kawai fankarta ke kora, shi ya sa ɗora ta kan katifa, wadda ke toshe hanyar iskar, ke cutar da ita.

A gida abin ya fi tsanani. Ɗaki na buƙatar tagogi masu fuskantar juna, iska ta ratsa. Janareta da garwashin gawayi na fitar da kabon monoksaid, guba marar launi, marar wari. Don Allah kada a kunna su a rufaffen ɗaki ko a gindin taga.