Uwargida, Wayarki Na Ɗaukar Shifta: Ga Yadda Za Ki Tsayar Da Ita

Yau hirarmu a kan wani ɗan ƙaramin hoton makirfo ce da ke maƙale a gefen haruffan wayarki, wanda wataƙila kin sha taɓa shi ba da niyya ba, sai ki ga wasu kalmomi suna fitowa da kansu ba ke kika rubuta ba. Wayar ba ta lalace ba. Shifta take ɗauka, kamar yadda ɗalibi ke rubuta abin da malama ta faɗa a aji. Bambancin kawai shi ne ɗalibi ya san muryar malamarsa, ita kuwa waya duk wanda ya yi magana a kusa, nasa za ta rubuta.

Ciniki ya koma cikin waya

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci a tsakiyar birni. Har yau nan ake zuwa neman turaren wuta, kwalli, duwatsun wuya, kayan yaji, kayan fata, zanen saƙi da littattafan karatu. Iyayenmu mata da yawa sun yi sana'a da wannan kasuwa ba tare da sun taka ƙafa cikinta ba. Yaro ake aika, ko dillaliya ta kawo kaya har ɗaki. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aiken ya fara komawa kira. Yanzu kuwa mai haɗa humra ko mai harhaɗa kayan lefe tana zaune a tsakar gidanta za ta ga hoton kaya, ta yi tayi, ta tura kuɗi, a ɗora wa mai Adaidaita Sahu ya kawo mata.

Ke nan farashi, bashi, lambar asusun banki da sunan amaryar da ba a riga an bayyana ba, duk ta cikin wayar nan suke bi. Shi ya sa ya kamata ki san lokacin da kunnenta yake buɗe.

Abu uku ne, kada ki haɗa su

Na farko shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda aka fara a 2013. Wannan muryarki ce ake ɗauka a aika wa wanda kika zaɓa, ya saurara.

Na biyu shi ne shiftar da muke magana, wato ki yi magana waya ta mayar da ita rubutu. Makirfonta yana jikin allon haruffa, kusa da inda yatsa ke yawan sauka, shi ya sa ake taɓa shi bisa kuskure. A wayoyi da yawa, muryar takan bi ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a can ƙasashen waje, su fassara ta zuwa haruffa su dawo miki da ita cikin ƙiftawar ido. Wasu sababbin wayoyi suna iya yin aikin a cikinsu ba tare da sun aika ba.

Na uku shi ne hadimin cikin waya, irin su Siri na iPhone da na kamfanin Google, wanda ke zaune yana jiran a kira sunansa. Wani lokaci yakan ji wata kalma mai kama da sunan nasa, sai ya farka ya fara ɗauka alhali ba a kira shi ba.

A da, shifta ba ta dame mu sosai ba domin ba ta jin Hausa. Amma a watan Oktoba na 2024 kamfanin Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda na'urarsa ke ji ta rubuta, ciki har da Hausa. Wannan ci gaba ne, sai dai yana nufin hirar tsakar gida ma yanzu tana iya zama rubutu.

Ina matsalar take?

Ta farko ita ce kuskure. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan karin sauti da jan wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya ne. Talatin da tamanin kuwa ko kunnen mutum yakan ruɗe a cikin hayaniya, balle na na'ura. Ki tuna lungunan Kurmi, ga mai baro yana neman hanya, ga masu ciniki suna ɗaga murya, ga rediyon maƙwabci. Idan ɗan kasuwa ya yi wa wayarsa shiftar farashi a nan bai duba ba ya tura miki, ko ke kika yi hakan cikin kukan yara, rigimar naira dubu hamsin na iya tashi tsakanin mutanen da suka shekara suna hulɗa lafiya.

Ta biyu ita ce fitar sirri. Kina rubuta wa abokiyar ciniki saƙo, yatsa ya taɓa makirfo, kika juya kina yi wa maigida bayanin bashin da ake binki ko rashin lafiyar ɗiyarki. Maganar ta shiga akwatin saƙo, kika danna ba ki karanta ba. Magana zarar bunu ce. Ko kin goge, mai yiwuwa an riga an karanta.

Ta uku ita ce kunnen da ba ki gani. A watan Yuli na 2019 gidan talabijin na VRT da ke ƙasar Beljiyam ya bayyana cewa ma'aikatan da Google ya ɗauka haya suna sauraren wasu muryoyin da hadiminsa ya ɗauka. Cikin fiye da 1,000 da 'yan jaridar suka saurara, 153 an ɗauke su ne ba tare da masu maganar sun kira hadimin ba. A wannan watan ne kuma jaridar Guardian ta Ingila ta fito da irin wannan labari game da Siri, har kamfanin Apple ya ba da haƙuri a watan Agusta. A Janairun 2025 Apple ya amince ya biya Dala miliyan 95 don a kashe wata ƙara da aka shigar a Amurka kan batun, ko da yake bai amsa laifi ba. Kamfanonin sun ce suna sauraren ne don gyara na'urarsu, kuma sun sauya tsari daga baya. Nan gida ma akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023. To amma doka bayan ɓarna take zuwa, rigakafi kuwa a hannunki yake.

Yadda za ki kashe ta

Ba sai kin kai wayarki Farm Centre ba, aikin minti biyu ne. Sunayen wuraren da Turanci suke a yawancin wayoyi, don haka zan kawo su yadda za ki gan su.

Idan Tecno, Infinix, itel ko makamanciyarsu ce mai allon haruffa na Gboard, ki buɗe kamar za ki rubuta saƙo, ki taɓa alamar saiti mai kama da haƙoran inji, ki shiga "Voice typing", ki kashe maɓallin da ke sama. Idan allon naki wani iri ne, ki shiga saitin wayar, ki je "Apps", ki nemo sunan allon, ki shiga "Permissions", ki hana shi makirfo. Wannan hanya tana aiki a kusan kowace wayar Android.

Idan iPhone ce, ki shiga saiti, sai "General", sai "Keyboard", ki kashe "Enable Dictation". Daga nan ki leƙa sashen Siri ki hana ta jiran kiran sunanta. Mai Android kuma ta shiga saitin manhajar Google ta kashe "Hey Google".

A kwamfuta mai Windows, shifta takan buɗe ne idan aka danna maɓallin Windows tare da harafin H, abin da yara kan yi cikin wasa. Ki rufe ɗan akwatin da ya fito. In kina son toshe ta gaba ɗaya, ki shiga saiti, sashen "Privacy", ki kashe makirfo, amma ki tuna sai kin sake kunna shi kafin ki yi kiran bidiyo. A kwamfutar Apple kuwa, a sashen "Keyboard" ake kashe "Dictation".

Ki kwantar da hankalinki, kashe shifta ba ya hana kira, ba ya hana saƙon murya na WhatsApp, muddin ba shi WhatsApp ɗin kika hana makirfo ba. Akwai kuma alamar da za ki riƙa lura da ita: a iPhone, tun daga 2020, ɗigo mai ruwan lemo yakan bayyana a saman waya idan makirfo yana aiki, a Android mai lamba 12 zuwa sama, wadda ta fito a 2021, ɗigon kore ne. In kin gan shi alhali ba kira kike yi ba, ki dakata ki duba.

Wadda take bukatarta fa?

Ba kowa ne zai kashe ba. Akwai Hajiya da idonta ya yi rauni, akwai wadda rubutun boko ke yi mata nauyi, akwai mai hannu cikin ƙullu. Ga waɗannan shifta taimako ce babba. Sharaɗi uku kawai za su kiyaye. Su karanta, ko su sa a karanta musu, kafin su tura. Farashi da lambar asusu mai lambobi 10 a rubuta su da yatsa. Lambar sirri ta katin banki kuwa kada a taɓa furta ta da baki, a gida ko a kasuwa, domin ko waya ba ta ji ba, na kusa da ke yana ji.

Kada ki manta da wayoyin yara da ta mai aikinki, su ma a ɗakinki suke kwana. Ki zauna da su ki nuna musu, ki kuma sanar da abokin cinikinki na Kurmi cewa duk farashin da ya turo sai kun tabbatar da shi ta kira kafin kuɗi su fita. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma maganar da baƙuwa ta yi a ɗakinki amana ce a wuyanki, bai kamata wayarki ta fitar da ita ba.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.