FASHIN BAƘI: Abin da ke hana fankar lagireto juyawa a tsofaffin motoci, da yadda ake gano shi

Duk wanda ya saba bin titunan Kano, Sakkwato ko Maiduguri tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos, ya sha ganin mota a gefen titi da bonet a buɗe, tururi na tashi, direba riƙe da jarkar ruwa, fasinjoji sun watse neman inuwa. Sau da yawa abin da ya jawo haka bai wuce fankar lagireto da ta ƙi tashi ba.

Akasarin motocin da talaka ke hawa ko yake neman abinci da su tsofaffi ne: Golf 3 da aka ƙera a shekarun 1990, Peugeot 406, da tsofaffin Corolla da Accord. Wayoyinsu sun sha rana da ƙura, sun kuma ratsa hannun masu gyara da dama. Kayan gyara sun yi tsada, don haka kuskuren gano matsala kan sa mai mota ya sayi fanka sabuwa alhali fis ne kawai ya ƙone. Idan kuma aka yi sakaci injin ya tafasa, gaskit na iya ƙonewa, kan injin ya lanƙwashe, gyaran 'yan dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa.

Yadda fankar ke aiki

Ruwan da ke zagaya injin yana kwaso zafi ya kai lagireto, iska ta sanyaya shi. Idan mota na gudu a babban titi, iskar da ke shigowa ta gaba ta wadatar. A cunkoso kuwa, ko mota na tsaye injin na aiki, fanka ce ke jawo iskar. Shi ya sa babbar alamar matsalar fanka ita ce allurar zafi ta haura a cunkoso, ta sauko da zarar hanya ta buɗe. Idan allurar na haurawa ne a lokacin gudu, sai a fi zargin toshewar lagireto, famfon ruwa ko tamostat.

Wutar fanka na fitowa daga batir, ta bi ta fis, ta isa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafa shi domin ya saki babbar wuta. Abin da ke ba rile umarni shi ne makunnin zafi da ke jikin lagireto ko injin, ko kuma kwamfutar injin a motocin da suka fi sabunta. Yawanci umarnin kan zo ne idan zafin ruwa ya kai tsakanin maki 90 da 105, gwargwadon motar. Daga fanka, wutar na komawa ta wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Ko'ina aka samu yankewa a wannan zagaye, fanka ba za ta juya ba.

Daga ina ake farawa?

Kafin komai, kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan yana cikin matsi, zafinsa na iya wuce maki 100, kuma zai feso a fuska. Haka nan a janye hannu da bakin riga daga fanka, domin a wasu motoci takan tashi da kanta ko an kashe injin.

Bayan injin ya huce, a duba yawan ruwa. Idan ruwa ya yi ƙasa har makunnin zafi ya rage a cikin iska, ba zai ji zafin da kyau ba, fanka kuma ba za ta samu umarni ba.

Sai a tayar da mota a kunna na'urar sanyaya ciki, idan tana aiki. A motoci da yawa wannan na tilasta wa fanka tashi. Idan ta tashi, fankar na da rai, kuma zargi ya fi karkata ga makunnin zafi ko wayarsa.

Idan ba ta tashi ba, a duba fis. Na fanka babba ne, galibi mai lamba 30 ko 40. Wanda ya ƙone a musanya shi da mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayar da ta kwaile tana taɓa ƙarfe, ko fankar ta cije tana jan wuta fiye da kima. A juya fukafukanta da hannu bayan an cire kan batir. Idan tana da nauyi ko tana gurzawa, ta gaji.

Na gaba shi ne rile. Hanya mafi sauƙi ita ce a musanya shi da wani irinsa sak daga akwatin fis, kamar na ham. A rile na gama-gari, ƙafafu masu lamba 85 da 86 ne ke karɓar umarni, 30 da 87 kuma su ke wuce da wutar fanka. Jin ƙarar "ƙyas" kaɗai ba shaida ba ce, domin rile na iya yin ƙara alhali bakinsa na ciki ya ƙone.

Sannan a cire soket ɗin fanka a ba ta wuta kai tsaye daga batir, da waya mai fis. Idan ta ƙi juyawa, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, ƙaramin injinta ya ƙare. Idan ta juya da ƙarfi, matsalar tana hanya: soket da ya narke, tsatsa a bakin waya, ko wayar jikin ƙarfe da ta saki. Mita ko ƙwan gwaji zai nuna inda wuta ta tsaya; ya kamata a samu kusan bolt 12 a soket lokacin da fanka ta kamata ta tashi.

Gwajin makunnin zafi ya bambanta. A Golf 3 da tsofaffin Honda, haɗa bakin soket ɗinsa da guntun waya ne ke tayar da fanka. A tsofaffin Toyota da dama kuwa, cire soket ɗin ne ke tayar da ita. A motoci masu fanka mai gudu biyu, ƙaramin gudun kan mutu ya bar babban, sai fankar ta riƙa tashi a makare da ƙara.

Haɗin kai tsaye da cire tamostat

A garejojinmu an saba da gajeriyar hanya: a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, a kuma cire tamostat bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan na iya kai mutum gida a ranar da ya maƙale a hanya, amma bai warkar da ciwon ba. Fankar da ba ta hutawa tana saurin mutuwa, tana kuma ƙara wa caji nauyi. Injin da babu tamostat kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ita kuma kwamfuta idan ta ga injin da sanyi sai ta ƙara masa mai.

A da, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutane ba su damu da wannan asarar ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direban haya da ke yawo da injin da aka yi wa wannan haɗin yana biyan kuɗin gyaran da bai yi ba, kullum, a gidan mai.

Mafi haɗari shi ne naɗa waya a madadin fis. An yi fis ne domin ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan aka kawar da shi, wayar ce za ta yi ja, kusa da roba da mai.

Don haka idan mai gyaran waya ya ce a sayo sabuwar fanka, mai mota na da haƙƙin ya nemi a gwada tsohuwar da batir a gabansa, a nuna masa fis da rile. Bayan gyara kuma, a bar motar tana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta, ta yi aikinta, ta kuma tsaya da kanta, kafin a biya kuɗin aiki.