Ko Kun Sani? Shanun da Ke Jikin Duwatsun Birnin Kudu

Manyan duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, suna ɗauke da tsofaffin zane-zanen shanu. Masu zanen sun zaɓi lunguna da ƙarƙashin rumfar dutse, inda ruwan sama ba ya duka kai tsaye, shi ya sa jan launi da fari ba su goge ba. Abin lura, da yawa daga cikin shanun ba su da tozo, sun sha bamban da na Fulanin yau. A 1955 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi daga Ingila, ya gano duwatsu a wurin waɗanda in an buga su sukan yi ƙara kamar kuge.