Me Ke Kashe Batirin Waya: Caji Ne Ko Zafi?

Har yau, wanda ya sayi sabuwar waya a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar waya, da wuya ya bar shago ba a ja masa kunne ba: "Alhaji, kada ka kunna ta sai ta yi awa takwas a caji." Wasu su ƙara da cewa a riƙa barin batir ya mutu murus kafin a jona. Shawarar tana da tushe, sai dai zamaninta ya wuce. Tsofaffin batura na nikel ne ke son a zazzage su kafin a sake cikawa. Wayoyin da ke hannunmu yanzu, daga itel da Tecno har iPhone, batirin lithium ne a cikinsu, irin wanda kamfanin Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991, kuma halinsa dabam ne. Yawan sauke shi zuwa sifili ne ke gajiyar da shi. Ya fi daɗewa idan yana kai-komo tsakanin kashi 20 da kashi 80, shi ya sa Samsung da Apple suka sa wa wayoyinsu na baya-bayan nan tsarin tsayar da caji kafin batir ya cika. Saboda haka in an kawo wuta na rabin awa, jona abarka. Mu da ba mu san lokacin da za a ɗauke ba, wannan ai sauƙi ne.

Batun kwana a caji ma an zuzuta shi. Waya tana da na'urar da ke yanke wuta da zarar batir ya cika, ba ya cin fiye da cikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika maganarsa ba, wato zafi. Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. To, a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40 a inuwa. Ka duba wayar direba da ke kwance gaban gilashin mota tun hantsi, ko waɗanda aka jibge kan juna a rumfar mai caji ƙarƙashin kwano, ko wadda ke caji ƙarƙashin matashi cikin kakkaurar rigarta ta roba. Zafi yana cinye ƙarfin batir, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan ka ga bayan waya ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura. Kada a danne shi, kada a huda shi, a kai a canza.

Zancen cewa amsa kira lokacin caji yana kisa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma laifin ba na kiran ba ne. Caja ta gari tana karɓar wutar gida mai ƙarfin volt 230 ta mayar da ita 'yar kaɗan kafin ta isa waya. Jabun caja, wadda aka yi wa rowar kayan kariya a ciki, ita ce za ta iya barin babbar wutar ta tsallako, balle in janareta na wasa da wuta ko hannu na da lema. Abin takaici ne mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi waya, sannan ya haɗa ta da caja mafi araha a tiren mai talla.

Sai shinkafa. Waya ta faɗa bokiti, kowa a gida ya ce a binne ta cikin buhu. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ya riga ya shige cikin injin waya, ƙurarta ma tana iya toshe bakin caji, kuma Apple ya fito fili ya hana yin hakan. Abin da ke hallaka wayar shi ne a kunna ta ko a jona ta da sauran danshi, sai kuma tsatsar da ke biyo baya cikin kwanaki. Kashe ta nan take, cire sim, goge ta, kada ka shanya ta a rana, ka garzaya wurin mai gyaran da zai buɗe ta ya wanke injin da sinadarin da ya dace.

Manhajojin da ke alƙawarin sanyaya waya ko ƙara mata gudu kuwa, yawancinsu talla suke lodawa suna shan data, wasu har su nemi izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka. Manhaja ba ta da fanka, kuma Android tana da nata tsarin kula da batir a cikin saitinta.