Tafiya Cikin Tsaunukan Roki da Mota Mai Ɗaki: Darussan Kimiyya a Bakin Hanya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa akwai wata irin tafiya da iyalai kan yi lokacin hutu, inda magidanci zai yi hayar wata babbar mota wadda aka shirya cikinta tamkar ɗaki. Akwai gado a ciki, da murhun girki, da firji, da tankin ruwa, har da ɗan ƙaramin banɗaki. Sai ya ɗebi iyalinsa su shiga duwatsu, suna tafe suna yada zango, har mako guda ko biyu. Irin wannan mota ce za a kira mota mai ɗaki a cikin wannan maƙala.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi da irin waɗannan motoci ita ce hanya mai lamba 93 da ke cikin tsaunukan Roki, a lardin Alberta na ƙasar Kanada, wadda ake kira Icefields Parkway, wato hanyar filayen ƙanƙara. Ta taso daga kusa da Tafkin Louise ta miƙe arewa zuwa garin Jasper. Tsawonta kimanin kilomita 230 ne, kusan nisan Kano zuwa Kaduna ke nan. An fara aikinta a 1931, aka buɗe ta a 1940, kuma tana ratsa gandayen daji biyu na ƙasa, wato Banff da aka kafa a 1885 da Jasper da aka kafa a 1907. Kyawun wurin ne ke jawo mutane, amma duk wanda ya hau hanyar da mota mai nauyi zai tarar cewa dokokin da ake koyarwa a ajin kimiyya su ne ke tafiyar da komai, tun daga dahuwar shinkafa har zuwa kamun birki, kuma rashin saninsu kan iya jawo asarar rai.

Motar kanta

Galibin matafiya kan karɓi motar haya ne a birnin Calgary, mai nisan kimanin kilomita 180 daga Tafkin Louise. Lasin tuƙi na ƙaramar mota ya isa a ba mutum yawancinsu, kuma a nan hatsarin farko yake. Ƙaramar mota ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba, alhali mota mai ɗaki matsakaiciya, idan an yi mata lodi, takan kai tan 5 ko fiye, tsawonta kuma mita 6 zuwa 9. Har ila yau tana da tsayi, nauyinta ya ɗago sama daga ƙasa, saboda haka takan yi tangaɗi a kwana, iska mai ƙarfi kuma kan ture ta gefe. Ruwan da ke tanki shi ma kaya ne, domin kowace lita ɗaya kilogiram ɗaya ce.

Motar tana da batir iri biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na fitilu da famfon ruwa, don kada hasken dare ya cinye wutar da za a tashi da ita da safe. Girki da ɗumama ɗaki kuwa da tukunyar gas ake yin su. Wajibi ne direba ya cika tankin mai kafin ya kama hanya, domin gidan mai ɗaya ne kurum a tsakani, a wurin da ake kira Saskatchewan River Crossing, shi ma ba ya aiki lokacin hunturu. Wayar salula kuma ba ta kamawa a mafi yawan hanyar.

Darasi na farko: iska tana raguwa

Iskar da ke lulluɓe da duniya tana da nauyi, kuma ta sama tana danne ta ƙasa. Wannan dannewa ita ce masana ke kira matsin iska. Duk sa'ad da mutum ya yi sama, iskar da ta rage bisa kansa ta ragu, matsinta ma sai ya ragu. Wuri mafi tsayi a wannan hanya shi ne tudun Bow, kimanin mita 2,070 daga doron teku, inda matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tun kafin a kai can matafiyi zai ji kunnuwansa suna toshewa suna buɗewa, ledar abincin da aka rufe a ƙasa kuma za ta kumbura kamar an hura ta, domin iskar cikinta ta fi ta waje matsi.

Kason iskar oksijin bai sake ba, yana nan kashi 21 cikin ɗari, sai dai kowane numfashi yana ɗauko ƙasa da abin da ya saba ɗaukowa. Shi ya sa ɗan hawan da bai taka kara ya karya ba kan sa mutum haki. Inji ma numfashi yake yi, tun da mai ba ya ƙonewa sai da oksijin. Injin da ba shi da na'urar turbo, wadda ke cusa masa ƙarin iska, yakan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. A tudun Bow ke nan ya rasa kusan kashi 20 cikin ɗari, daidai lokacin da yake jan tan biyar a kan hawa.

A wajen girki ma haka abin yake. Ruwa kan tafasa ne idan tururinsa ya sami ƙarfin ture iskar da ke danne shi. A bakin teku sai ya kai digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, amma a tsayin mita 2,000 yakan tafasa a kimanin digiri 93. Ƙara wuta ba zai ɗaga wannan zafi ba, sai dai ya ƙone ruwan da wuri. Saboda haka shinkafa da wake kan ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba, sai fa idan an yi amfani da tukunya mai kulle tururi.

Bugu da ƙari, iskar da ta yi sama takan baje ta huce. A matsakaicin lissafi, zafi kan ragu da digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. Wannan ne dalilin da ya sa Jos ta fi garuruwan da ke kewaye da ita sanyi, kuma shi ya sa dusar ƙanƙara kan iya sauka a manyan tuddan wannan hanya ko a watan Yuli. Sanyin dare kan sa wasu su rufe tagogi ruf su kunna murhun girki don jin ɗumi. Wannan ganganci ne, domin wutar da ba ta samun isasshiyar iska takan fitar da kabon monoksaid, wata iska mai guba da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, ta kashe mutum cikin barci. Don haka ake sa wa waɗannan motoci na'urar ƙararrawa mai gano ta, kuma ya kamata mai haya ya gwada ta tun kafin ya bar garejin.

Darasi na biyu: gangara ta fi hawa hatsari

Man da inji ya ƙona wajen hawa bai ɓace ba. Wani kaso nasa ya zama makamashin da ke ajiye a jikin motar saboda tsayin da ta kai, kuma duk za a biya shi wajen sauka. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba: a ninka nauyin mota da ƙarfin jan ƙasa, sa'an nan a ninka da tsayin gangara. A ɗauka motar kilogiram 5,000 ce, ƙarfin jan ƙasa 10, gangarar kuma mita 500. Amsa ita ce jul miliyan 25. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa daga digiri 20 zuwa 100 kan ci jul 336,000. Ashe makamashin wannan gangara ya isa ya kai ruwa fiye da lita 70 ga tafasa.

Iskar da motar ke ketawa da gugar taya da kwalta kan cinye wani ɓangare, sauran kuwa dole ya tafi wani wuri. Aikin birki shi ne mayar da motsi zafi ta hanyar guga. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, duk wannan zafi zai taru a 'yan faya-fayen ƙarfen da ke jikin tayoyi. Idan zafin ya yi yawa, abin da ke damƙar faifan sai ya daina kamawa sosai. Man birki shi ma yana iya tafasa: sabo kan jure fiye da digiri 200, amma tsohon da ya sha laima yana iya tafasa a kusan digiri 140. Da zarar ya tafasa tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba kamar mai ba. Sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa tana ci gaba da gudu.

Maganin abin shi ne a sa mota a ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, ta yadda injin zai riƙe ta, zafin ya bi ta inji da lagireto da salansa ya fita. Motocin da ke sauya giya da kansu su ma suna da ƙaramar giyar da direba ke iya zaɓa. Birki kuwa sai a riƙa taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci ana saki don ya huce. Sa mota a firi a kan gangara da sunan tattalin mai kuwa sayar da rai ne. Wannan doka ba ta Kanada ce kaɗai ba, ita ce dai ke aiki a kan manyan motocin da ke sauka Hawan Kibo a Jihar Filato.

Darasi na uku: dutse da ƙanƙara

Mai lura zai ga duwatsun gefen hanya hawa-hawa suke, kamar an jera littattafai an karkatar da su. Mafi yawansu laka ne da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku, suka ƙame suka zama dutse. Tsakanin shekaru miliyan 80 da miliyan 55 da suka wuce, turereniyar manyan sassan ɓawon duniya ta tunkuɗo su gabas, wasu suka hau kan wasu. Shaidar haka ita ce a 1909 masani Charles Walcott ya gano burbushin halittun teku masu shekaru fiye da miliyan 500 a saman wani tsauni da ke gandun Yoho, maƙwabcin Banff.

Sassaƙar duwatsun kuwa aikin ƙanƙara ne. Inda dusar da ke zuba da hunturu ta fi wadda ke narkewa da bazara, sai ta riƙa taruwa shekara bisa shekara, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara tsantsa, nauyinta kuma ya sa ta malala a hankali zuwa kwari. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. Yana tafe yana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinsa ya mai da shi gari mai laushi. Ruwan narkewa kan kwashi garin zuwa tafkuna, inda yake yawo cikin ruwa bai kwanta ba, yana maido da shuɗi da koren hasken rana. Launin Tafkin Peyto da ake hange daga tudun Bow ke nan.

Kusa da tudun Sunwapta hanya kan wuce gaban kogin ƙanƙara na Athabasca, mai tsawon kimanin kilomita 6, wanda ya gangaro daga filin ƙanƙara na Columbia, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 200. Ruwan wannan fili ya rabu uku: wani ya nufi Tekun Fasifik, wani Tekun Aktik, wani kuma mashigin Hudson da ke haɗe da Tekun Atlantika. A kan ƙaramar hanyar ƙafa da ke zuwa bakin ƙanƙarar an kafa alamomi masu ɗauke da shekaru, kowace tana nuna inda ƙanƙarar ta tsaya a wannan shekara. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yanzu ta ja da baya da fiye da kilomita ɗaya da rabi, ta kuma rasa kusan rabin jikinta, saboda ɗumamar yanayi ta sa narkewa ta fi zuba. Abin damuwa ne, domin ƙanƙara rumbun ruwa ce da ke ciyar da koguna a ƙarshen bazara, kuma kogin Saskatchewan ta Arewa da birnin Edmonton ke sha daga wannan fili ya faro. Ita kanta motar da ta kawo mai kallo tana cikin masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya.

An gitta igiya a bakin ƙanƙarar, kuma tsallake ta ba tare da ƙwararren ja-gora ba ya sha jawo mutuwa, domin akwai tsagogi masu zurfi da dusa ke rufe bakinsu.

Haƙƙin daji

Dajin yana da masu shi, cikinsu har da beyar, wata ƙaƙƙarfar dabba mai gashi da kaifin jin ƙanshi. Idan ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, daga ƙarshe kuma dole a kashe ta. Don haka aka haramta ciyar da namun daji, aka kuma umarci mutane su ba beyar tazarar mita 100. Ba a kwana sai a zangon da hukuma ta keɓe, ruwan ƙazanta na tankin mota kuma yana da wuraren juyewa na musamman. Batun wuta ma ba abin wasa ba ne. A watan Yulin 2024 gobarar daji da tsawa ta tayar ta shiga garin Jasper, ta cinye gine-gine 358, kusan kashi ɗaya cikin uku na garin, bayan an kwashe mutane kimanin 25,000.

Kammalawa

Direban da ya san abin da tsayi ke yi wa iska zai yi haƙuri da injinsa a hawa, wanda ya san inda makamashi ke tafiya zai sauko lafiya, wanda kuma ya iya karanta alamomin bakin ƙanƙara zai koma gida da abin da ya fi hoto. Malami na iya gwada ɗalibansa da wannan tambaya: tirela mai nauyin tan 30 ta sauko gangarar mita 300, jul nawa ne makamashin da za ta saki, kuma ruwa lita nawa zai iya kaiwa ga tafasa? Wanda ya sami amsar zai gane dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke sauya giya tun suna saman tudu.