Gandu da Gayauna: Yadda Yaro Ke Koyon Dabarun Rayuwa a Gida da Makaranta

A tsarin noman gargajiya na ƙasar Hausa, gidan manomi yana da gona iri biyu. Akwai gandu, babbar gonar gida, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza ke aiki tare tun da sassafe, abin da aka girbe kuma ya shiga rumbun da ke ciyar da kowa. Akwai kuma gayauna, ɗan fegin da ake yanka wa saurayi a ce masa wannan naka ne. Sai an tashi daga gandu yake zuwa can. Shi zai zaɓi abin da zai shuka, gyaɗa ko wake ko kuɓewa. In ya makara da noman fari ciyawa ta rufe shukar, asararsa ce. In Allah ya ba da sa'a, kuɗin nasa ne, ya sayi rigar salla ko 'yar akuya.

A gandu yaro yana koyon riƙon fartanya da bin umarni. A gayauna kuwa yake koyon abin da ba a iya faɗa masa da baki: yaushe ƙasa ta jiƙu yadda za a yi shuka, nawa zai ajiye iri, ya sayar da kaka ko ya jira bazara farashi ya tashi. Dattawan da suka tsara wannan sun san yaron zai yi ɓarna. Shi ya sa suka yanka masa fegi ƙarami, wanda ɓarnarsa ba za ta jefa gida cikin yunwa ba, amma za ta yi masa ciwon da ba zai manta ba.

Haka abin yake a sauran sana'o'in gado. Ɗan maƙeri ba ya fara da masaba. Zuga-zugi ake ba shi, ya daɗe yana zuga yana kallon ƙarfe a wuta, har idonsa ya gane jan da ke nufin a ciro da wanda ke nufin a ƙara jira. Daga nan a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa, kafin a yarda ya taɓa garmar wani. Yaron tela guga yake yi da sa maɓalli da kalmasa kafin a miƙa masa almakashi a kan shaddar mutane. Yarinya ta fara da tuwon ƙasa a wasa, sai tsintar shinkafa da hura wuta, sai talge, har ranar da za a bar mata muciya. Tuwonta na farko da gudaji yake fitowa, kuma 'yan gida za su ci shi a haka, suna yi mata tsiya. Wannan tsiyar ma tana cikin karatun.

Inda gida ke yin kuskure

Koyon gida yana da aibi guda, kuma ba ƙarami ba ne: yadda yake gadar da gwaninta haka yake gadar da kuskure, don yaro ba shi da hanyar rarrabe su. Abin da ya ga kakarsa tana yi shi ne daidai.

Ɗauki ƙuna. A gidaje da yawa, da zarar ruwan zafi ya zuba wa yaro sai a nemo manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki a shafa. Babu ɗayansu da ke fitar da zafin da ke ci gaba da dafa nama a ƙarƙashin fata, kuma suna iya kai ƙwayoyin cuta cikin rauni. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti in ƙunar tana da faɗi ko zurfi. Mai haɓo kuma ana ce masa ya ɗaga kai sama, alhali hakan jinin yake mayarwa maƙogwaro. Sunkuyawa kaɗan ake yi, a matse tattausan ɓangaren hanci kamar minti 10. Mai ya kama wuta a kasko, hannu ya kan kai ga buta, ruwa kuwa fantsama wutar yake yi. Kashe murhu ake yi a kifa murfi.

Sannan akwai kayan da kakanni ba su sani ba, balle su bar wasiyya a kansu. Janareta yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Iyali su shigar da shi ɗaki ko lungun da ba iska saboda tsoron ɓarawo, su kwanta, wasu ba su farka ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu irin wannan gubar yake fitarwa. Tukunyar gas, wayar lantarkin da ta zaizaye, maganin ƙwari da aka ɗura a gorar lemo, saƙon waya da ke neman lambar sirrin banki: duk waɗannan suna buƙatar wanda ya san dalili. Sanin dalili kuwa aikin makaranta ne.

Abin da makaranta ta gwada

Ba yau aka fara tunanin haɗa boko da aikin hannu ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a unguwar Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda ake koyar da irin su dukanci da kafinta da ƙira. Amma tun daga lokacin mutane suka lura da wanda ke samun albashi da girma: malamin ofis. Boko ya zama hanyar tserewa daga fartanya, iyaye kuma ba su yi wauta ba da suka ɗauke shi haka, don shekaru da yawa takarda tana kai mai ita ga kujera.

Bayan samun 'yancin kai, an yi babban taron manhaja a Legas a 1969, wanda ya haifar da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Niyyar tana da kyau. A shekaru uku na ƙaramar sakandare kowane ɗalibi zai taɓa katako da ƙarfe da lantarki a darasin share fagen fasaha, ya yi aikin gona, ya koyi tattalin gida da harkar kasuwanci, ta yadda ko bai wuce nan ba zai fita da abin yi. Gwamnati ta shigo da injuna daga ƙasashen waje ta rarraba. Makarantu da yawa kuwa ba su da ɗakin da za a kafa su, ba lantarki, ba malamin da ya san kansu. Wasu akwatunan ko buɗe su ba a yi ba har suka yi tsatsa. Darasin ya koma kan allo: a zana zarto, a rubuta sunayen sassansa, a haddace, a zuba a takardar jarrabawa. An yaye ɗalibai masu kyakkyawan sakamako a fannin da ba su taɓa yanka katako ba.

A 2011 an sake yunƙuri da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. A wurare da dama makaranta ce ta yi zaɓin, ta ɗauki wadda alli kaɗai take buƙata. Ba na ganin laifin malamai sosai a nan. Malami abin da za a tambaya a jarrabawa yake koyarwa, tunda da sakamakonta ake auna shi. Muddin maki yana wajen bayanin yadda ake dasa tumatir, ba wanda zai ɓata sati shida yana rainon iri.

A gefe guda kuma gida ya saki nasa rabon. Iyaye a birni suna ganin yaron da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, ga darasin ƙari, bai kamata a ƙara masa da wanki ba. Makaranta tana zaton gida na koyar da waɗannan abubuwa, gida yana zaton ai ana biyan kuɗin makaranta. Sai ga ɗan jami'a da bai iya dafa shinkafa ba, bai iya canja fis ɗin filogi ba, kuma kuɗin wata ya ƙare masa ranar goma.

Darasi daga Bangaladesh

Misali mafi ƙarfi na abin da ƙaramar dabara ke iya yi ya fito ne daga kudancin Asiya. Gudawa tana kashe ƙananan yara ta hanyar zuƙe ruwan jikinsu. Masana sun gano cewa hanji yana tsotsar gishiri da ruwa da sauri in akwai sukari daidai gwargwado tare da su. Ilimin yana nan a asibitoci, amma yaran a ƙauye suke mutuwa. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida a Bangaladesh, suka koya wa iyaye mata kimanin miliyan 12 haɗa ruwan gishiri da sukari da abin da ke cikin madafarsu.

Abin lura shi ne yadda aka koyar. Ba a tsaya a bayani ba. Uwa ce ke haɗawa da hannunta a gaban mai koyarwa. Bayan wasu makonni wani jami'i ya dawo ya sa ta sake haɗawa, a auna ko gishirin ya yi daidai, kuma ladan mai koyarwar ya danganta da yadda iyayen suka iya. Wato an auna hannu, shi ya sa aka koyar da hannu. Haɗin gida da aka fi sani a yau shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, ko da yake ƙunshin da ake samu a asibiti da kemis ya fi inganci, kuma gishirin da ya wuce kima yana cutarwa. Duk ɗan aji shida na firamare zai iya koyon wannan cikin darasi ɗaya, in aka kawo gishirin da cokalin cikin aji.

Batun maza da mata

A nan ne gidajenmu suka fi raba ilimi biyu. Ana korar yaro daga madafa kada a ce masa ɗan daudu, ana hana yarinya sukudireba da filaya. Sakamakon kowa ya san shi: magidancin da matarsa ta kwanta asibiti ya rasa yadda zai dama wa yara koko, da matar da famfo zai kwana yana zuba tana jiran a turo yaro. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana hidimar iyalinsa, don haka kunyar ba daga addini ta zo ba. A Japan darasin tattalin gida yana farawa daga aji biyar na firamare, kuma tun 1993 a ƙaramar sakandare, 1994 a babba, ya zama dole a kan maza da mata baki ɗaya. Ɗalibai ne kuma ke share azuzuwansu.

Kuɗi ma sana'a ce da ake koya da hannu. Matan da ba su taɓa shiga aji ba suna riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, sun san bambancin uwar kuɗi da riba, sun san ba a cin uwa. Makaranta tana koyar da lissafin kashi cikin ɗari, amma da wuya ta nuna wa ɗalibi abin da bashin waya mai ruwan kashi 15 a wata zai zama bayan rabin shekara. Yaron da aka ba kaji biyu, ko kuɗin cefanen sati aka ce ya rubuta abin da ya fita, ya samu gayaunarsa ko da a tsakiyar birni yake. Sharaɗin dai a bar shi ya ji zafin kuskure. Uban da ke cike giɓi duk lokacin da kuɗi suka ƙare kafin Juma'a ya soke darasin da kansa.

Sai dai akwai iyaka. Talla tana koyar da canji da ciniki, gaskiya ne, amma yarinyar da ke yawo da faranti a tasha lokacin da tsararrakinta ke aji, ko bayan magariba, an daina koya mata, an koma ci da guminta. Ma'aunin mai sauƙi ne: aikin ya dace da ƙarfin yaron, akwai babba kusa, bai cinye lokacin karatu da barci ba, kuma bana ya iya abin da bai iya ba bara.

Makarantar da ba ta da injuna ba ta rasa komai ba tukuna. A Panteka ta Kaduna masu walda da narka ƙarfe suna ƙera tukwane da injin niƙa da kayan gyara daga tarkace. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano samari suna buɗe wayoyin da aka ƙera a Sin su gyara. Kusan kowace unguwa tana da tela da kafinta da mai faci da unguwarzoma. Shugabar makarantar da ta ware la'asar ɗaya a mako ta gayyato ɗayansu da kayan aikinsa, ko ta tura ɗalibai biyar-biyar shagonsa, ta samu ɗakin gwaji ba tare da ta gina ba. Su ma masu shagon suna da buƙata: yawancin yaransu suna son wanda zai koya musu karanta ma'aunin lantarki, da rubuta rasit, da lissafin kuɗin aiki yadda ba za su faɗi ba. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar sana'o'i, don haka yaron shago da ya iya karatu yana da ƙofar samun takardar shaida a kan abin da ya riga ya ƙware a kai.