Mayar da tsohuwar motar alfarma ta shiga daji: Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Da safiyar kowace ranar aiki a tsakiyar damina, motocin da ke shiga harabar tsohuwar Sakatariyar Tarayya da ke Area 1 a Garki kan tona asirin inda masu su suka kwana. Wadda ta fito daga Asokoro ko Wuse takan iso fes. Wadda ta taso daga Karshi ko Kuje, ko lungunan bayan Lugbe da Mararaba, jan taɓo ne har gindin ƙofa, wani lokacin ma da waya aka ɗaure mata bamba. Titunan Garki shimfiɗaɗɗu ne, sai dai da yawa daga cikin masu aiki a ofisoshinta ba a cikinta suke kwana ba, kuma 'yan kilomitocin ƙarshe kafin ƙofar gida su ne ke cinye ƙasan mota.

Lamarin yana da tushe. Tun da gwamnatin Obasanjo ta fara biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota a 2003, sannan aka sayar da gidajen gwamnati na cikin birni, ma'aikaci ya koma neman matsuguni a bayan gari, inda kwalta ba ta kai ko'ina ba. Hanyar Apo zuwa Karshi kaɗai ta isa misali: an ba da kwangilarta tun 2011, ta kuma haura shekara goma ba a kammala ta ba. Maganin irin waɗannan hanyoyi shi ne jif, amma bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin Prado ko da 'yar Kwatano ce ya fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata.

To, ga tsohuwar Marsandi ko Lexus a ƙofar gida, injinta lafiya lau, kujerunta na fata ba su yage ba, amma ko an kai ta kasuwa ba za ta yi kuɗin kirki ba. A nan ne shawara kan zo: a gangara da ita unguwar makanikai ta Apo, tafiyar 'yan mintuna daga Garki, a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi, ta zama ta shiga daji.

Ba yau aka fara ba

Tunanin ba sabo ba ne, kuma ba shirme ba ne. Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, ƙaramar mota ce, amma tsayin ƙafafunta ya sa ta shiga ƙauyukan da yanzu sai jif. A shekarar 1975 ɗin ce ta lashe gasar Safari a Kenya, daga baya kuma kamfanin Dangel na Faransa ya riƙa mayar da ita mai ja da ƙafa huɗu. Ita ma Mercedes-Benz ta lashe gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa a 1979 da 1980 da motocin alfarma samfurin SLC. Porsche ta ɗaga motarta 911 ta ci gasar Faris zuwa Dakar da ita a 1984, kuma a 2022 ta fito da samfurin 911 Dakar don sayarwa.

Amma misalin da ya fi dacewa da mai shirin zuwa Apo shi ne na Rolls-Royce ɗin da ta shiga gasar Dakar a 1981, ta ja hankalin duniya. Daga waje Rolls-Royce ce. Daga ciki kuwa injin Chevrolet ne, giya da ƙafafu na Toyota Land Cruiser, bodin ma sake zuba shi aka yi da abu mara nauyi. Wato waɗanda suka san aikin ba su yarda cewa ƙarin tsayi kaɗai zai kai motar alfarma hamada ba. Sai da suka sauya duk abin da ke ƙasanta.

Yadda ake aikin

Ɗaga mota hawa uku ne. Mafi sauƙi shi ne a cusa roba mai kauri ko zoben ƙarfe a kan sifirin, mota ta tashi da inci ɗaya ko biyu. Na biyu, a sauya sifirin da shokabzoba gaba ɗaya da waɗanda suka fi tsawo. Na uku, a ƙara da manyan tayoyi, wanda sau da yawa sai an yanke bakin bodi an bubbuge shi kafin taya ta samu wurin juyawa.

Hawa na farko bai saɓa wa tsarin wasu motocin ba. Marsandin da muke kira V-Boot, wadda aka fara ƙerawa a 1984, tana da robar kan sifirin mai kauri iri huɗu daga kamfani, daga milimita 8 zuwa 23, kuma kamfanin da kansa ya tanadi dogayen sifirin da farantin kare ƙasan inji domin ƙasashe masu munanan hanyoyi. Haka nan motocin da ke tsayawa a kan jakar iska, irin su Range Rover da S-Class na ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama, an saba cire musu jakar idan ta fara sacewa a maye gurbinta da sifirin. Akwai kuma sabon dalili: wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG yakan ga bayanta ya zauna saboda nauyin tukunyar da ke cikin but, sai ya nemi a ɗaga masa.

Kama da wane ba ta wane

Inda ake samun kuskure shi ne ɗaukar tsayi a matsayin abin da ya mayar da jif jif. Land Cruiser da Prado da Hilux, da 'yan uwansu Lexus GX470 da LX470, an ɗora bodinsu ne a kan gadon ƙarfe mai zaman kansa, wanda ke jure murɗewa a kan gargada. Ƙaramar motar alfarma kuwa bodinta shi ne ƙashin bayanta. Idan ta yawaita murɗewa, a ƙofofi da gindin shokabzoba ake fara ganin alama. Hatta Lexus RX300 da RX330, da kowa ke kira jif a Abuja, a wannan rukuni suke, kuma da dama daga cikinsu da ƙafar gaba kawai suke ja.

Batun ja shi ne babba. V-Boot ta gama-gari da Lexus LS400 da ƙafar baya suke ja. Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, ƙarfin inji yakan tafi gare ta, ta yi ta wulwulawa, ɗayar tana tsaye. Komai tsayin da aka ƙara, wannan hali yana nan. Jif na gaske yana raba ƙarfi ga ƙafa huɗu, yana kuma da ƙaramar giya ta jan nauyi da hawan tudu. Sannan doguwar mota mai dogon hanci da dogon but tana dukan ƙasa wajen gangara kwari da fita daga cikinsa, ko da cikinta ya tashi.

Tazarar ba kaɗan ba ce. Ƙasan ƙaramar mota kan tashi daga ƙasa da kimanin santimita 14 zuwa 16, na Prado kuwa ya haura 20. Neman cike wannan giɓi duka da roba da sifirin shi ke jawo matsala.

Kuɗin da ke biyo baya

An ƙera ƙafar kowace mota ne don ta yi aiki a wani tsayi. Idan aka wuce shi sosai, shaf ɗin da ke juya taya yakan karkace, robarsa ta yage, girisi ya zube, ƙasa ta shiga. Mahaɗan ƙafa da na sitiyari sukan mutu da wuri. Taya takan kwanta gefe ta riƙa cinyewa ta ɓangare guda. Tiyon birki, wanda aka auna shi da tsohon tsayi, yakan ɗame idan ƙafa ta sauka rami, kuma tsinkewarsa na nufin ƙarfin birki ya ragu ƙwarai. Manyan tayoyi suna ƙara wa giya da birki aiki, suna kuma ƙara shan mai, a motar da dama can injinta mai silinda shida ko takwas ne.

Akwai kuma abin da direba ba ya gani. Idan taya ta fi ta asali girma da kashi 10 cikin 100, mita za ta nuna 100 alhali motar tana gudun kilomita 110 a awa, wato ta riga ta haura ƙa'idar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gindaya wa ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi.

Mafi muni shi ne kifewa. Gwargwadon tashin nauyin mota sama, gwargwadon sauƙin tuntsurawarta idan an kauce wa wani abu kwatsam. A 1997, sabuwar A-Class ta Mercedes-Benz ta kife a wani gwajin kaucewa a ƙasar Suwidin. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsayi, ya ƙara mata na'urar daidaita tafiya. Idan haka ta faru da injiniyoyin Jamus, ya kamata mai niyyar ƙara inci huɗu ko biyar ya tsaya ya yi lissafi. Motar da aka ɗaga domin kilomita uku na taɓo ita ce dai za ta kwashi iyali ranar jajibirin Sallah ta hau hanyar Kaduna ko ta Keffi, inda rami ko ɗan acaɓa kan ɓullo babu sallama.

Matsakaicin mataki

Wannan ba ya nufin a bar mota tana jan ciki. Sau da yawa tsohuwar mota ba gajeriya ba ce, zama ta yi: sifirin ɗin da ya shekara ashirin yana ɗaukar kaya ya gaji, kuma sabo na asali kaɗai yakan dawo mata da tsayinta. Idan bai wadatar ba, ƙarin inci ɗaya zuwa biyu, daidai wa daida gaba da baya, da tayar da ta ɗara ta asali da mataki guda, shi ne iyakar da akasarin ƙananan motoci ke ɗauka ba tare da an taɓa sauran ƙafa ba. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin kaskon baƙin mai ya fi ƙarin tsayi amfani a hanya mai duwatsu, domin dutse ɗaya ya isa ya fasa kaskon inji ya ƙone.

Bayan aiki, a daidaita ƙafafu a kan na'ura, a duba tiyon birki yayin da motar ke rataye a kan jak, a sauke fitilun gaba don kada su riƙa kashe wa masu tahowa ido. A guji zoben da aka yanko daga tsohuwar taya, da sifirin ɗin da aka ƙara masa tsawo da walda. Araha ba ta ado. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa sauyin da ya yi, don kada a kafa masa hujja da shi ranar biyan diyya.

Wanda kuwa hanyarsa ta gona ce ko ta ƙetare rafi, gara ya haɗa kuɗin ɗagawar da na sayar da motar, ya nemi tsohuwar Hilux ko GX470, ko da kujerunta ba su kai na Marsandi laushi ba.

Sauran magana kuma ba ta makanike ba ce. Hanyoyin da ke tilasta wa ma'aikaci ɗaga motarsa suna da fayil, kuma da dama daga cikin fayilolin a nan Garki suke, a ofisoshin Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya da ke Area 11. Wasu daga cikin masu jeka-ka-dawo zuwa Apo da motocinsu, ta kan teburinsu takardun ke bi.